Suna Kiran Golana "Janareto" Saboda In'ina: Yaya Zan Yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 14 a wani fili da ke Unguwar Rogo, nan Jos. Akwai wani yaro a cikinsu ɗan shekara 12, shi ne golanmu, yana da in'ina sosai. Abokan wasansa sun sa masa suna Janareto, wai in zai yi magana kamar ana tayar da inji ne. Da ya buɗe baki sai wani ya kwaikwaye shi, sauran su kwashe da dariya. Na yi faɗa, na sa su tsallen kwaɗo, amma da na juya baya sai su ci gaba. Yanzu yaron ya daina yi wa 'yan bayansa magana a cikin wasa, ya kuma fara fashin tirenin. Ranar Asabar da ta wuce har 'yan kallo sun ɗauki sunan. Yaya zan yi yaran nan su daina, har ma su riƙa tsaya masa in wasu sun taɓa shi?"

Wa'alaikumus salam, Koci. Allah ya saka maka da alheri da ka lura tun yaron bai ɓace maka gaba ɗaya ba. Yawanci haka abin yake tafiya: yau ya yi fashi, jibi ya ce takalminsa ya yage, bayan wata guda sai a ji ai wane ya daina ƙwallo, kuma ba mai tambayar dalili.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, yadda masu kwaikwayon za su bari. Ta biyu, wadda ta fi wuya, yadda sauran za su zama masu tsaya wa ɗan'uwansu ko kana wurin ko ba ka nan. Na daɗe ina koyar da wasanni a makaranta, ina kuma riƙe da ƙungiyar yara a unguwa, karatuna kuwa a fannin ilimin yara masu buƙata ta musamman na yi shi. Abin da na sha gani shi ne, in yaranka ashirin ne, masu kwaikwayon ba za su wuce biyu ko uku ba. Sauran dariya kawai suke tayawa. Shi kuwa mai kwaikwayo da dariyar nan yake cin kasuwa, kamar mai shayi da sanyin Disamba. Ranar da ya yi abinsa wuri ya yi tsit, ranar kasuwarsa ta fara mutuwa. Don haka mafi yawan abin da zan gaya maka a kan masu dariyar ne, domin su za ka horar.

Abin da ya kamata kai ka fara sani

Kafin ka tsaya gaban yara, kai ma ka san me ke damun golanka, domin za su yi maka tambayoyi, kuma in ka yi kame-kame sun gane. In'ina tangarɗa ce a yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana. Yaron ya san abin da zai ce sarai, kalmar tana bakinsa, fitar da ita a kan lokaci ne ke gagara. Iri uku aka fi gani. Akwai maimaita gaɓa, wato abin da yaranka suke kwaikwayo. Akwai jan sauti ɗaya ya yi tsawo. Akwai kuma toshewa, inda baki zai buɗe amma ba abin da ke fita, kamar an shaƙe shi. Ƙifta ido, buga ƙafa a ƙasa, girgiza kai ko dukan cinya da ake gani tare da ita, duk dabaru ne da jiki ya koya garin kokawar fitar da kalma.

Takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, kuma mafi yawansu tana barinsu tun suna ƙanana. A cikin manya kuwa, wajen mutum 1 ne cikin 100 ke da ita, kuma maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Tana bin jini. Shi ya sa za ka ji an ce ai kawunsa ma haka yake. A 2010 masu bincike a Amurka suka gano wasu ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita bayan nazarin wani dangi a Pakistan, daga baya kuma aka yi irin wannan nazari a kan wani babban dangi a maƙwabciyarmu Kamaru. Tsoro ba ya haifar da ita, amma yana ƙara mata ƙarfi. Ba ta da alaƙa da kaifin basira. Ba a ɗaukarta kamar mura, duk da iyayenmu kan tsorata mu da cewa wanda ya kwaikwayi mai in'ina shi ma zai kamu. Ni dai ba na amfani da wannan barazanar, domin yaro zai gwada, ya ga bai kamu ba, daga nan sauran maganarka ma ta zube.

Akwai abu ɗaya da ke rikita yara, lallai ka yi musu bayaninsa. In'ina ba ta zama daram kullum. Za ka ji golanka ya daka tsawa "Nawa!" garau ba tangarɗa, ko ya rera waƙa tare da jama'a, ko ya yi karatu baki ɗaya da 'yan ajinsu a Islamiyya lafiya lau, amma ka tambaye shi sunansa ya maƙale. Sai yara su ce da gangan yake yi. Ba da gangan ba ne, haka ɗabi'ar abin take: waƙa da magana tare da wasu sukan sauƙaƙa ta, a tsare mutum da ido ana jiransa kuma yakan tsananta ta. Sunan mutum ma yana cikin kalmomin da suka fi ba masu in'ina wahala, saboda ba shi da madadi. In "ruwa" ta ƙi fita zai iya cewa "abin sha", amma sunansa ba yadda zai kauce masa. Ka tuna da wannan duk ranar da za a tantance 'yan wasa kafin gasa, a jera su ana tambayar kowa sunansa.

Me ya sa wannan tsokanar ta fi sauran ciwo

Za ka gamu da masu ce maka, haba Koci, ai wasa ne, wane ne ba a tsokana a fili? Gaskiyarsu ta wani gefen. Mu mutane ne masu barkwanci. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, akwai na Kanawa da Zagezagi. A filin ƙwallo kuwa ba wanda ba shi da laƙabi. Amma dubi ƙa'idar duk waɗannan wasannin: ka jefa, a jefo maka. Bafulatani ya zolayi Babarbare, Babarbare ya rama, a yi dariya a tashi ba wanda ya bi wani bashi. Ramuwa ita ce ke mayar da tsokana wasa. To da me ake ramawa? Da baki. Shi kuwa golanka bakin ne aka kama. In ya yunƙura zai rama, kalmar ta maƙale, ya ba su sabon abin dariya da hannunsa. Saura masa hanya biyu, ko ya yi shiru ko ya kai duka.

Daga nan ne aka samo zancen da ake yi cewa masu in'ina akwai zuciya. Ni ban yarda da zuciyar aka haife su ba. Ka ɗauki kowane yaro, ka hana shi kare kansa da baki shekara biyar, ka ga ko ba zai koyi naushi ba. Naka ya zaɓi shiru, kuma shirun gola ba ƙaramar asara ba ce. Shi kaɗai ne a fili yake ganin kowa a gabansa. Shi ke jera katanga in za a yi bugun tazara, shi ke gaya wa lamba biyar akwai mutum a bayansa, shi ke cewa a bar masa ƙwallon sama. Golan da ya yi gum, 'yan bayansa makafi ne. Wannan ita ce hujjar da yaran da ba su damu da tausayi ba za su fi saurin ganewa: dariyar da suke yi ƙwallaye take jawo musu a raga.

Tsallen kwaɗo kuwa, ban ga laifinka ba, ni ma na yi. Amma ga abin da yake koya wa yaro: kada Koci ya kama ni. Bai koya masa komai game da abokinsa ba. Ƙari a kan haka, duk wanda cinyarsa ta yi tsami saboda "Janareto", a kan Janareton zai huce a hanyar gida, inda ba ka nan.

Fara da shi, ku biyu

Kada ka tara yara a kan maganarsa bai sani ba. Nemi lokacin da ba idon kowa, ko ka ce ya taya ka kwance raga bayan tirenin. Magana ta fi zuwa masa da sauƙi in hannunsa na aiki kuma ba ku fuskantar juna kamar a kotu. Ka kira abin da sunansa, ka ce in'ina, kada ka tsaya kewaye-kewaye da "matsalar nan taka", domin kewayen yana nuna masa abin kunya ne. Gaya masa ka ga abin da ake yi, ba ka ji daɗi ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Sannan ka tambaye shi: kana so in yi wa 'yan ƙungiya bayani? Kana so kana wurin ko ba ka nan? Wane suna kake so a riƙa kiranka da shi? In ya ce sunansa na yanka, shi ke nan. In ya ce Enyeama ko Nwabali, wato sunayen fitattun masu tsaron ragar Najeriya, to daga yau kai ne za ka fara kiransa haka da ƙarfi a gaban kowa har ya bi shi. Laƙabi ba ya mutuwa don an hana shi, sai wani ya maye gurbinsa.

A nan bari in ba ka labarin kuskurena, don kada ka maimaita. Shekarun baya ina da wani ɗan wasan tsakiya mai in'ina. Ina jin kaina ni ne mai kare shi. Duk sanda ya zo zai yi min magana ya maƙale, sai in yi maza in ƙarasa masa, wai don in rage masa wahala. Ranar tantancewa ma ni nake riga shi faɗin sunansa. Wata rana mun dawo daga wasa a Bukuru, an cinye mu, motar ta yi tsit, shi yana zaune kusa da ni riƙe da buhun ƙwallaye a cinya. Muna wajen Dadin Kowa ya fara magana. Na buɗe baki zan taya shi kamar kullum, sai ya ɗaga min hannu. Ya ɗauki lokaci, idonsa a rufe, ƙafarsa na bugun ƙasan mota, har ya fitar da ita. Abin da ya ce shi ne, Koci, kullum kai kake ƙarasa min, kuma sau da yawa ba abin da zan ce ke nan ba. Ashe rannan tun a hutun rabin lokaci yake so ya gaya min cewa ɗan bayanmu na hagu ya ji ciwo yana ɓoyewa, ni kuwa na ƙarasa masa da "ruwa kake so?", na miƙa masa gora. Ta gefen hagun nan aka zura mana biyu.

Tun daga ranar na koyi jira. Kuma abin da za ka koya wa yaranka ke nan game da sauraro, bayan kai ka fara yi: a bar shi ya gama, a ci gaba da kallonsa kamar yadda ake kallon kowa, a amsa abin da ya faɗa. Kada a ce masa "yi a hankali", ko "ja numfashi", ko "nutsu mana". Da waɗannan suna magani da tuni ya warke, domin ya ji su sau dubu a gida. Yara suna kallon fuskarka lokacin da yake maƙalewa. In ka duba agogo, ko ka yi murmushin nan na tausayi, sun karanta.

Zama da ƙungiya

In ya amince, zaunar da su a ƙasa bayan tirenin, minti goma ya isa. Kada ka mayar da shi wa'azi, kada kuma ka mayar da shi shari'a ana nuna masu laifi. Yi musu bayanin in'ina a taƙaice kamar yadda na yi maka. Ni nakan ce kowa ya faɗi sunansa da unguwarsu, amma duk kalma sai ya tsaya ya ƙirga uku a zuci kafin ya faɗi ta gaba, sauran kuma su zuba masa ido. Ba kwaikwayon in'ina ba ne, kada ka bari ya zama haka. So nake su ɗanɗana nauyin idon mutane a kan wanda ake jira. Kafin a zagayo, dariyar farko ta mutu, kowa ya ƙosa nasa ya wuce.

Ƙungiyoyin yara a Jos sau da yawa gauraye suke, Musulmi da Kirista, kuma a wannan batun an yi dace, labari ɗaya ya ishe su duka. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya warware masa ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 27 da 28. Yaranka Kirista sun san shi a Littafin Fitowa, sura 4, aya 10, inda Musa ya ce shi mai nauyin baki ne. Sai ka tambaye su: to wa ya yi masa gori da maganarsa? Amsar tana Suratuz Zukhruf, aya ta 52: Fir'auna ne ya ce da ƙyar yake iya bayyana magana. Nakan tsaya a nan in bar su su yi lissafin da kansu, wane layi mai kwaikwayo ya shiga. Ba sai na faɗa ba. Batun laƙabi kuma, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili ta kuma hana jifan juna da munanan sunaye, kuma yawancinsu sun haddace ta, ba su dai taɓa kawo ta filin ƙwallo ba.

Bayan haka fito da wayarka. A Fabrairun 2023, Ken Sema, ɗan Suwidin da a lokacin yake buga wa Watford a Ingila, ya ci West Brom ƙwallo biyu, aka tsayar da shi hira a gaban kyamara bayan wasa. Yana da in'ina mai ƙarfi, kuma ya tsaya ya yi hirarsa har ƙarshe, bidiyon ya zagaya duniya. Nemo shi ka nuna musu. Ka sa su lura da ɗan jaridar ma, yadda ya jira shi. James Rodriguez na Kolombiya, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ƙwallo 6, shi ma ya yi fama da ita yana yaro. Yaran da suka taso a garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, kowannensu yana mafarkin ranar da za a miƙo masa makirufo. Sun san darajar wannan tsayuwar.

Tsayawa ma sai an yi atisayenta

Nan ne mafi yawanmu muke tsayawa, mu ce mun yi musu nasiha, mu tafi. Amma Koci, ka taɓa koya wa yara bugun kusurwa da baki kawai? Sai ka jera su, ka maimaita sau ashirin, har ƙafa ta riga tunani. To yaron da zai ce wa abokinsa "bari" a gaban jama'a, abin da yake fuskanta ya fi bugun fenariti tsoro. Yana gudun a juyo kansa, a ce masa ustazu, ko ɗan gaban goshin Koci. Yawancin masu dariyar nan ba mugaye ba ne. Abin ya zo musu ba shiri, ba su da kalma a baki, dariya kuma ita ce hanya mafi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba su kalmar tun kafin ranar.

Abin da nake koya musu bai da yawa. Na farko, riƙe fuska, kada ka taya. Wannan ko mafi ƙanƙanta a ƙungiya zai iya. Na biyu, jefa gajeriyar magana guda, ba zagi a ciki: "Ba ma wannan a nan." "Ƙyale shi ya gama." "Muna jin ka, gola." Bar su su zaɓi tasu da irin Hausarsu ta Jos, ko da gauraye take da Turancin titi, domin wadda suka ƙirƙira da kansu ita za ta fito ranar da ake buƙata. Na uku, matsa ka tsaya kusa da shi. Jiki ma yana magana. Sai dokar da na fi ba muhimmanci: in mutum ɗaya ya yi magana, dole na biyu ya mara masa nan take. Mai magana shi kaɗai abin tsokana ne, amma in sun zama uku, mai kwaikwayon ne ya koma shi kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma yara sun fi mu sanin haka.

Yadda ake atisayen: minti biyar a ƙarshen tirenin, sau biyu a mako. Kai ne za ka fito a matsayin ɗan kallo mai baƙin baki, kada ka ba wa yaro wannan rawar, kada kuma ka kwaikwayi in'ina ko da misali ne. Ka tsokani wani a kan abin da ba zai yi masa ciwo ba, kamar launin safarsa, su kuma su mayar da martani yadda aka tsara. Ranar farko za su yi ta ƙyalƙyala dariya, muryoyin a ciki-ciki. Kada ka karaya. Zuwa mako na uku za ka ji "ba ma wannan a nan" tana fita kamar yadda "fasin" ke fita. Kuma ka faɗaɗa dokar ta rufe kowa: mai tsamin baki da ba ya iya furta "r", wanda Hausarsa ba ta nuna ba, gajere, mai ƙiba. In dokar ta gola ce shi kaɗai, ka sake ware shi ta wata hanyar.

Kyaftin da mataimakinsa ka kira su gefe ka ɗora musu nauyin. Ka gaya wa kyaftin ƙyallen da ke damtsensa ba na jefa kwabo da gaisawa da alƙalin wasa ba ne kawai. Sai dai ka duba da kyau, wani lokaci wanda yara ke bi ba shi ne mai ƙyallen ba. Akwai wani da in ya yi dariya kowa ya yi, in ya ɗaure fuska kowa ya ɗaure. Nemo shi, ko a benci yake.

Shi kuma jagoran kwaikwayon, ka same shi shi kaɗai. Sau da yawa yaro ne mai baiwar ban dariya da ya ga manya na yin haka a wasannin barkwanci na waya da talabijin, inda mai in'ina ya zama abin nishaɗi tun da daɗewa. Gaya masa abin da ya jawo: golanmu ya daina magana, yana shirin barinmu. Ka sanar da shi hukuncin tun kafin ya sake, kuma hukuncin ya zama benci, domin shi ne abin da ɗan ƙwallo ke ji a ransa. Gwajin naka ne ranar da mai laifin ya zama shi ne mai ci maka ƙwallo kuma wasan na kusa da na ƙarshe ne. In ka sa shi a ranar, duk abin da ka gina ya rushe, yara sun gane farashin dokarka. Ba na tilasta ban haƙuri a gaban jama'a da musabahar dole. Na fi so in ba shi aikin ɗumama gola kafin kowane wasa, shi zai riƙa buga masa ƙwallo minti goma, su biyu. Wani lokaci abota takan fito daga nan, wani lokaci ba ta fitowa, amma dai yakan yi wuya ka ci gaba da yi wa wanda kake ɗumamawa kullum izgili.

Ranar wasa

'Yan kallo ba naka ba ne, ba za ka iya sa su tsallen kwaɗo ba. Kuma gola ya fi kowa shan bakinsu, tunda suna tsaye a bayan ragarsa minti sittin ko saba'in. Abin da ke hannunka shi ne ka yi wa alƙalin wasa da kocin ɗaya ɓangaren magana kafin a take, cikin mutunci. Ka roƙi wani babba da ake jin nauyinsa a unguwa, ko yayan ɗaya daga cikin yaran, ya tsaya a bayan ragarku. Matasa kan rage baki in akwai wanda ya san iyayensu a wurin. In ɗan wasan hamayya ne ya yi, kyaftin ya kai wa alƙali ƙara, 'yan baya kuma su matso su tafa wa golansu, su kira shi da sunan da ya zaɓa.

Ka ja musu kunne sosai cewa tsayawa ba dambe ba ce. Mu da muke Jos mun san yadda faɗan yara biyu a fili tsakanin unguwa da unguwa kan iya sauya kama kafin magariba, ya zama abin da ba wanda ya yi niyya. Ba hannu, ba zagin iyaye, ba ambaton addini ko ƙabilar kowa. Wanda ya kai duka da sunan kare gola, shi ma benci.

A cikin wasa, ku tsara gajerun kalmomi shi da 'yan bayansa: "nawa", "fita", "hagu", "bayanka". Ku haɗa da tafi da nuni da yatsu wajen jera katanga. Amma alamun hannu ƙari ne, kada su zama hanyar rufe masa baki. Sannan waya: in kuna da zauren WhatsApp na ƙungiya, kafa doka cewa ba mai ɗaukar muryarsa ko bidiyonsa ya tura. Abin da aka yi a fili iska na iya kwashewa, wanda aka tura kuwa yana nan.

Gida da asibiti

Je ka gaida mahaifinsa, ka fara da yabon yaron, yadda yake kama ƙwallo, kafin ka kawo zancen. Wasu iyayen suna ganin tsawa ko dukan baki zai gyara, wasu kuma sukan nufi wanzami a cire belu ko a yanke linzami. Ina girmama wanzamai da sana'arsu, amma in'ina ba a harshe ko maƙogwaro take ba, yanka ba ya taɓa ta, sai dai ya jawo zubar jini ko ƙwayar cuta. Babu kuma ƙwayar magani da ake sha ta tafi. Abin da ke taimakawa shi ne ƙwararren mai gyaran magana. Su tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko sashen ilimi na musamman a jami'ar, a nuna musu inda za su dosa. Yaron da ya kai 12 da ita, zai yiwu ta zauna masa har girma, don haka kada ka yi masa alkawarin warkewa. Horon yakan sa magana ta yi sauƙi, tsoron ya ragu. Abu ɗaya da ba a jira da shi: in yaron da ba ya in'ina ya fara ta farat ɗaya bayan ya bugu a kai, ko da turken raga ne ko gwiwar wani, a wuce da shi asibiti a ranar.

Ni malamin wasanni ne, gyaran maganar kansa ba aikina ba ne, ba kuma naka ba. Kada ka mayar da fili wurin koya masa furuci. Abin da ke cikin aji, ko kan hanyar Islamiyya, ko cikin gidansu, hannunka ba ya kaiwa can, sai abin da yaranka suka ɗauka suka tafi da shi. Na kuma taɓa yin duk wannan yaro ya tafi duk da haka, domin na farga a makare.

Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da in'ina a duniya, tun 1998 ake yin ta. In ta zagayo, dama ce ta shirya wasan sada zumunta da wata unguwa, ku yi wa 'yan kallo gajeren bayani kafin a take, in golanka ya yarda. Amma kada ka jira Oktoba. Gobe bayan tirenin ka ce ya taya ka kwance raga. In an yi mako uku ka sake rubuto min, ka gaya min ko ya fara yi wa lamba biyar ɗinka tsawa in ya bar mutum a bayansa.